Yadda Jan San Kawu Ya Zaɓa Mini Kwamfuta

Tun ranar da na dawo daga Kano wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira ta ce, "Luba, wace iri kika sayo?" Waccan ta ce, "Wai da gaske ne kin yi faɗa a kasuwa?" Jiya har gida Asma'u mai kwalliyar amare ta biyo ni, wai ita labarin waya ba ya ƙosar da ita. To ni dai bakina ya gaji. Ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata wannan ɗin zan tura mata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai ɗaukar hoto ce a Talata Mafara. Bikin mata nake yi, kamu da wuni da suna, wuraren da namiji ba ya shiga da kyamara. Gidanmu gidan fawa ne. Baba ya ajiye wuƙa tun da ciwon gwiwa ya matsa masa, amma Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, har gobe dillalin shanu ne. Idan Layya ta matso ni nake ɗaukar masa hoton shanunsa yana tura wa masu saye a kudu.

Abin da ya kai ni Kano hoto ɗaya ne tak. Innarmu ba ta son hoto. Duk rayuwarta in ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya. Wanda muke da shi kawai na katin zaɓe ne, ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi. Sai ranar sunan ɗan ƙanwata a Damri, tana zaune a ƙuryar ɗaki da jaririn a cinya, wata ta faɗi abin dariya, ta ɗago kai tana dariya, ni kuma na danna ba ta sani ba. Ɗakin duhu ne, hoton ya fito duhu. Bayan wata biyu Allah ya karɓi abarsa.

Sau uku ina gyara hoton nan a tsohuwar kwamfutata, ina kai shi Gusau a wanke, ina kawo wa Baba. Na farko ya duba ya miƙo mini, ya ce, "Innarku ba ja ba ce." Na biyu ta fito kamar ta shafa toka. Na uku ta yi fari fat kamar mai shafe-shafe, ita da take wankan tarwaɗa. Wannan miƙo mini kawai ya yi ya juya kai. Wallahi ranar sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Malam Nasiru mai wankin hoto a Gusau shi ya gane matsalar. Ya ce, "Hajiya, ba hannunki ba ne. Allon kwamfutarki ke yi miki ƙarya. Abin da kike gani daban, abin da ke cikin hoton daban."

Ina cikin wannan tunanin, ana tsakiyar zafin bazara, kwamfutar ta mutu murus. Mai gyara ya ciro faifan ajiyar da ke cikinta ya sa mini a wani ɗan gida mai waya, ya kara a kunnena, na ji yana ƙas-ƙas kamar agogon bango. Ya ce faifan ya gaji, kada in riƙa jona shi barkatai, kowace jonawa tana iya zama ta ƙarshe, ranar da na samu sabuwar kwamfuta in kwashe komai gaba ɗaya. Asalin hoton Inna, ɗanyensa yadda ya fito daga kyamara, a ciki yake, kuma babu shi ko'ina a duniya sai nan. Katin kyamarar tuni na yi wasu bukukuwan a kansa. Na san za ku ce me ya sa ban ajiye a wuri biyu ba. Ku faɗa, na cancanta, ni ma na faɗa wa kaina abin da ya fi haka.

Kafin in tafi na nemi shawara, sai na ƙara rikicewa. Ita kwamfuta ashe ba ƙarfen ba ne kawai, akwai tsarin da ke tuƙa ta, kuma kowa nasa yake yabo. Wani mai ɗaukar bidiyo a Maradun ya ce in ba mai tambarin tuffa na saya ba to wasa nake yi. Wani malamin kwamfuta a Bakura, mijin ƙawata, ya zaunar da ni awa guda yana yi mini wa'azi a kan wani tsari na kyauta da ba a sayensa, wai har manhajar gyaran hotonsa kyauta ce. Na ce, "Malam, su wa ke amfani da shi a nan kusa?" Ya ce shi da wani abokinsa, amma abokin ya koma Zariya. Ni kuwa mai tambarin taga na sani, shi hannuna ya saba da shi shekara shida.

Baba ya ce ba zan yi wannan hanyar ni kaɗai ba. Kawu Mamman dama yana da mutanen da zai gani a Kano, sai ya ce mu tafi tare, amma ba ranar Talata ba, don ko sama da ƙasa za ta haɗe ba ya barin kasuwar Mafara. Laraba bayan sallar asuba muka fita. Na naɗe faifan a tsohon kallabin Inna, na sa shi cikin kular abinci, na cusa tsumma a gefe don kada ya motsa, na rungume kular a cinya. Kawu kuwa da sandarsa da ƙunshin kilishi da hoce, gasasshiyar wainar dawa ta wajenmu, na tsaraba.

Daga Mafara zuwa Gusau mu huɗu aka matse a bayan ƙaramar mota. Duk ramin da direba ya faɗa sai in ɗaga kular sama. Wata dattijuwa 'yar Jangebe da ke gefena ta yi ta kallona, da muka wuce Maru ta kasa haƙuri.

"Ɗiyata, wane irin abinci ne wanga da ba a aje shi ƙasa?"

Na ce, "Ba abinci ba ne, Inna, hoto ne."

Ta dube ni, ta dubi kular, ta matsa kaɗan.

A Gusau muka canja mota. Ana ta hira da musun siyasa har Tsafe, daga nan kuwa kowa ya san hanyar, motar ta yi tsit, direba ya kashe rediyo, sai motsin leɓe kawai kake gani. Ni addu'a biyu nake yi, ta kaina da ta abin da ke cinyata. Wajen iyakar Zamfara da Katsina aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i ya nuna kular ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya warware kallabin, ya ciro faifan, ya juya shi, sannan ya kai shi kunne ya girgiza. Girgizawa fa!

Kawu ne ya matso a hankali, ya gaishe shi gaisuwar gida, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi rana, ya tambaye shi iyali, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, hoton mamaciya ne ciki. Ƙanwata ce, uwar yarinyar ga. Shi kaɗai muka da."

Sai na ga fuskar mutumin ta canja. Ya naɗe faifan da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ku hau ku tafi." Ban san sunansa ba, amma na yafe masa girgizawar.

A Funtuwa aka tsaya salla da cin abinci. Na ci shinkafa da wake. Kawu ya sayi tsire, ya ɗaga tsinke ɗaya ya duba kamar likita, ya ce wa mai tsiren wannan saniya ta haihu ya fi sau biyar. Mutumin ya rantse ɗan maraƙi ne. Kawu ya ce to maraƙin ya ga jikokinsa. Duk da haka ya cinye tas, har ya sa aka ƙara masa yaji.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kano ta Kabuga. Ni ba zuwana na farko ba ne, amma kullum adaidaita sahun garin nan sai sun firgita ni, kamar an buɗe buhun fara. Mun sauka a Unguwa Uku gidan Alhaji Sabo, abokin cinikin Kawu tun suna samari. Matarsa Hajiya Ummi mace ce mai kirki da fara'a, amma Bakanuwa ce ta gaske. Ban gama shan ruwan da ta kawo mini ba ta jawo wata jaka ta fara baza mini atamfofi a kan gado, wai in gani kawai, gani ba saye ba ne. A gidan nan kowa yana sayar da wani abu. Babbar 'yarta turare, ta biyun zoɓo da kunun aya, har kakarsu tana da tiren goro a bakin ɗaki. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Ni ina kan "ina gajiya", ban kai ga "ina labarin gida" ba, sun riga sun wuce wata maganar. Da na ba su hoce suka yi ta juya shi suna tambaya da me ake ci. Su kuma suka ba ni gurasa da aka jiƙa da ƙuli da mai da albasa. Gaskiya gurasarsu ta yi, wannan kam ba zan yi musu ba.

Washegari da hantsi muka tafi layin masu sayar da kwamfuta. A hanya Kawu ya kafa mini doka irin ta kara, wato kasuwar shanu. Kada in yabi abin da nake so a gaban mai shi. Kada in saya a shagon farko. Kuma shi a sana'arsa ba ya sayen dabba tana kwance, sai an tashe ta ta yi tafiya ya ga ko tana ɗingishi. Na ce, "Kawu, kwamfuta ce fa." Ya ce, "Ko mi ce, sai ta tashi."

Shagon farko tun daga bakin ƙofa aka tare mu da "Hajiya me ake so?" babu ko sallama. Kawu ya tsuke fuska. Aka fito mana da wata ƙatuwa baƙa, maɓallanta suna walƙiya ja da kore, allonta yana sheƙi kamar madubi. Kawu ya ɗaga ta da hannu biyu ya auna nauyinta, ya ƙwanƙwasa bayanta, sai na ga yana gyaɗa kai. Ya manta da dokarsa, ya ce, "Wagga ta ƙoshi." Ni kaina ta burge ni.

Ban yarda na fito da faifan ba. A katin kyamarata akwai hoton wani jan sa na Kawu, irin rahajin nan mai dogayen ƙaho, wanda ya yi wata bakwai yana kiwo a bayan gida. Shi na ce a buɗe. Hoton ya cika allo, ja jawur, yana ƙyalli. Mai shagon ya ce, "Kin ga kala ko?"

Kawu ya matso da fuska, ya ja baya, ya ce, "Wanga ba sana ba ne."

Na ce, "Kawu, shi ne mana, ga ƙahon da ya karkace."

Ya ce, "Ƙahon nashi ne, jikin ba nashi ba ne. Sana jan ƙasa ne, irin ƙasar da ruwa ya taɓa. Wanga kamar an yi mai wanka da manja. In na tura ma mutum wanga hoto, sa ya isa Ikko, ce man za a yi ɓarawo."

Nan take maganar Malam Nasiru ta faɗo mini. Na karkata kaina gefe na kalli allon, sai san ya koma baƙi-baƙi. Na miƙe tsaye, ya koma ruwan lemo. Allo ne mai kwalliya, irin na masu wasan kwamfuta da kallon fim, yana ƙara wa komai armashi. Da ni kaɗai na je wallahi da na saye ta, in dawo in ci gaba da mayar da Inna ja. Ni na san kala a kan allo, shi kuwa Kawu shekara arba'in yana bambance ja da ja a jikin dabba da rana tsaka. Daga nan duk shagon da muka shiga, san ne ke fara shiga.

A shago uku na gaba ma bai fito daidai ba. A na biyar ne muka samu mai tambarin tuffa, siririya, fara, ba nauyi kamar faranti. Aka buɗe san, Kawu ya duba, sannan ya ce a hankali, "To, wanga shi ne." Zuciyata ta kwanta da ita ƙwarai. Mai shagon, wani mai gemu da agogo babba, baki gare shi kamar mai wa'azin tasha. Ya yi ta zuba, har na saki jiki, na buɗe kula na ba shi faifan don in ga ko za ta karanta shi. Ya jona. Ƙas, ƙas, ƙas, sai ga jakunkunan hotunana sun bayyana. Na ce alhamdu lillahi.

Ya ɗan latsa nan da can, ya ce, "Ai wannan faifan na tsarin taga ne. Za ta gani amma ba za ta iya ajiye komai a kansa ba. Bari in yi masa fomatin ya dace da ita, minti ɗaya ne."

Yana faɗa yana yi. Ban ankara ba har ya buɗe wurin, kibiyar tana kan maɓallin gogewa. Ga wanda bai sani ba, fomatin shi ne a share komai da ke cikin faifai a mayar da shi fanko. Ban san lokacin da na yi tsalle na damƙe wuyan hannunsa ba. Ihun da na yi kuwa, an ce har masu shagon ƙasa sai da suka hauro. "Kada ka taɓa! Wallahi kada ka taɓa!" Kawu bai san me ke faruwa ba, amma da ya ga haka sai ya maka sandarsa a kan teburin, kofin shayin mutumin ya yi sama.

Wannan shi ne faɗan da kuka ji labari. Ba faɗa ba ne. Mutumin ya tsorata ya fi ni, ya yi ta rantsuwa shi ya ɗauka ina da wani kwafin a gida, wai kowa yana da shi. Na ce to ni ba kowa ba ce, cire mini abina. Ya cire a hankali, na naɗe, muka fito. A bakin titi na zauna a kan wani benci na rufe fuska da mayafi. Kawu ya sayo mini ruwa mai sanyi, ya bari na sha, sannan ya ce, "Ni dai ban ga kin riƙe hannun kowa ba. In Babanki ya tambaya, sandata ce ta yi aiki." Ina hawaye ina dariya.

Ba laifin kwamfutar ba ne, wannan na sani, allonta gaskiya yake faɗi. Amma a zaune a bencin nan na yi tunanin da ya kamata in yi tun a gida. In ta lalace a Mafara wa zai buɗe ta? Ko cajarta ta ƙone sai an aiko daga Kano. Duk faifan da na tara na tsarin taga ne, na Malam Nasiru ma haka. Ga hannuna da zai koma koyon aiki daga farko, ga bukukuwa suna jirana.

Bayan azahar wani mai sayar da jakunkuna ya nuna mana wani ɗan shago a saman bene, can ƙarshen layi. Mai shi Inyamuri ne mai furfura, ana ce masa Oga Chidi. Muna shiga ya miƙe ya ce, "Sannunku da zuwa. Ina gajiya? Ina iyali? Ina wajen mutanen gida?" Kawu ya washe baki, karo na farko tun da muka shigo kasuwar. Ashe Oga Chidi a Gusau ya yi ƙuruciyarsa, har ya tambaye mu ko ana yin hoce har yanzu.

Shi bai nuna mini komai ba sai da ya yi mini tambayoyi. Wutar lantarki awa nawa muke samu? Na yi dariya, ya ce ya gane. Wa ke wanke mini hoto, da wane tsari yake aiki? Wace manhaja hannuna ya saba da ita? Ina yawo da kwamfutar gidajen biki ko a ɗaki take zama? Na ba shi labarin malamin Bakura, ya ce tsarin kyautan nan ba shi da laifi ko kaɗan, shi ma yana da shi a wata kwamfutar, amma ranar da ya rikice mini ana gobe biki, wa zan kira? Sannan ya ciro wata ruwan toka daga ƙasan kanta, ta hannu ce, gefenta har ya ɗan goge, allonta dishi-dishi ba sheƙi. Kawu ya ɗaga ta ya taɓe baki, ya ce ramammiya ce. Oga Chidi ya ce irin ta masu zanen gine-gine ce, an yi allonta don aiki, batirinta sabo ne, kuma zai ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, wadda suke kira ram, don ɗanyen hoto nauyi gare shi.

Aka buɗe san. Kawu ya duba ta gaba, ya zagaya ya duba ta gefe, ya tsuguna ya duba ta ƙasa. Ya dai kalle ni ya ɗan runtse ido ɗaya, don kada ya sake karya dokarsa. Sannan ya ce wa Oga Chidi, "To, a tashe ta ta yi tahiya." Na fassara masa abin da ake nufi, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce da duk masu saye haka suke da ya huta da rigima. Ya cire ta daga wuta, muka buɗe hotuna hamsin na katin a lokaci ɗaya, na yi ta ja ina saki kusan rabin awa. Kawu yana ta kai tafin hannu ƙarƙashinta kamar mai duba zazzaɓi. Ba ta yi zafi ba, ba ta tsaya ba.

Sai na buɗe kula. Na gaya wa Oga Chidi abin da ke ciki da abin da ya faru ɗazu. Ya ce kada mu buɗe komai, kada mu kalli komai, kwashewa za mu fara yi, kuma wanda ya fi muhimmanci shi ne farko. Na nuna masa jakar da na sa wa suna Sunan Damri. Ya jona faifan, ya ɗora shi a kan kallabin, ya ce kowa ya cire hannu daga teburin.

Koren layin da ke nuna kwashewar a allo ya fara tafiya. Ya kai rabi, sai faifan ya yi ƙas, ƙas, layin ya tsaya cak. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na san dai na karanta duk abin da na haddace, na ji Kawu ma yana yi ƙasa-ƙasa, Oga Chidi ya harɗe hannu yana kallon silin. Can sai layin ya motsa, ya ja jiki, ya cika. Wayyo Allah, wani irin sanyi da ya sauko mini tun daga kai har tafin ƙafa! Sauran jakunkunan ma yawanci sun fito, wasu bukukuwa biyu na bara ne suka ƙi, su kuwa tuni masu su sun karɓi albam ɗinsu. Oga Chidi bai bar ni na tashi ba sai da ya sa hoton a wani sabon faifai da kuma ɗan filashi, ya ce ɗaya a jakata ɗaya a aljihun Kawu.

A nan shagon na buɗe ɗanyen hoton. Duhu ne, sai haƙoran Inna da farin zanen jariri. Na fara ɗaga hasken a hankali. Goshinta ya fito, sai kumatu, sai tsagar da ke gefen idonta. Kawu yana tsaye a bayana, na ji numfashinsa ya canja.

"Ƙara kaɗan," in ji shi. Na ƙara. "A'a, kin wuce, ta yi haske. Koma." Na koma. "Rage jan nan na goshi. Tsaya. Tsaya nan."

Na ɗauke hannuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ta da sunan da ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba tun rasuwar kakarmu. Ya ce, "Hassi." Ya juya ya fita, ya tsaya a kan matakala yana kallon titi, ya fi minti goma. Da ya dawo ya ce ƙurar Kano ce ta shiga masa ido, ya zauna ya hau ciniki kamar a kara, ana albarka yana ƙarawa, har Oga Chidi ya ce ya sallama, ya haɗa mini da jaka.

Dawowa ba wani labari. Hajiya Ummi dai ta ci nasara, na taho da atamfa ɗaya. Kular ta dawo cike da gurasa, na ajiye ta a ƙasa kamar kowace kula. A Gusau muka tsaya wurin Malam Nasiru, ya wanke hoton babba, ya ɗora shi kusa da allon sabuwar kwamfutar, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Yanzu kam bakinsu ɗaya."

Mun iso Mafara bayan la'asar. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Alhaji Sabo da iyalinsa, ya tambayi Kano. Da gaisuwa ta ƙare na durƙusa na miƙa masa ambulan. Ya goge tabarau da bakin riga, ya zaro hoton, ya karkata shi wajen hasken ƙofa.

Ina nan durƙushe da hannuna a buɗe, don sau uku a nan wurin yana miƙo mini. Ya duba, ya duba. Ya kai babban yatsa ya shafa gefen kallabinta. Sai ya mayar da hoton cikin ambulan a hankali, ya ɗaga gefen buzun inda yake ajiye carbinsa, ya sa shi a nan.

Ya ce, "Luba, in kina son naki, ki koma Gusau a wanko miki wani."